Yanda za ku yi sujadar shiru a gida irin ta ƴan Kweka, ba sai kun bar cocinku ba

Kayan aikin ba su da yawa: tabarma biyu ko ɗan benci, mutum uku zuwa takwas, agogo ɗaya, sai salula a kashe. Ba koral, ba sono, ba ganga, ba wanda aka sa a jadawalin wa'azi. Ku zauna ku yi shiru tare a gaban Ubangiji kuna jira, in Ruhu ya ba wani magana ya faɗe ta a taƙaice, in bai ba kowa ba ku tashi haka nan kuma sujada ta yi. Iyakar abin kenan in an dunƙule shi, amma duk wanda ya taɓa gwadawa ya san zaman minti goma ba magana ba latsa waya ba ƙaramin aiki ba ne, shi ya sa na ga gara in warware yanda ake bi da shi.

Masu wannan al'ada su ne ƴan Kweka, wata ƙungiyar Kirista, su dai suna kiran kansu Abokai. A Ingila abin ya faro, ta hannun wani ɗan masaƙi mai suna Joj Foks da aka haifa a 1624, wanda tun yana saurayi ya yi ta yawo wajen limaman coci da tambayoyin da suka dame shi ba wanda ya gamsar da shi, sai a 1647 ya ce ya ji a ransa cewa akwai guda ɗaya, Yesu Almasihu, wanda zai iya magana da halin da yake ciki. Daga 1652 jama'a suka fara taruwa a bayansa a arewacin Ingila, gidan wata mata Margaret Fel ya zama kaman cibiyarsu, kuma saƙon nasu gajere ne: Almasihu ya zo ya koyar da mutanensa da kansa, to a yi shiru a saurare shi. Sun sha wuya a kai ba kaɗan ba, shi Foks an sha ɗaure shi, dubban mabiyansa sun kwana kurkuku, sai bayan dokar sassauci ta 1689, wadda ta ba irinsu izinin yin sujadarsu, suka ɗan samu sarari.

Kar wani ya ɗauka duk ɗan Kweka a shiru yake sujada fa. Yau a duniya ba su kai rabin miliyan ba, kuma ƙasar da ta fi kowace yawansu ita ce Kenya, inda ƴan mishan ɗinsu daga Amurka suka sauka a Kaimosi a 1902, su can suna da fastoci da waƙa da wa'azi kaman mu, haka ma na Burundi da Ruwanda. Shirun da nake magana tsohuwar hanyar ce, wadda na Ingila da wasu na Amurka suka riƙe har yanzu. Kuma in faɗi tun da wuri don kar a kai ƙarata wajen dattawa: ƴan Kweka na asali ba sa baftismar ruwa ba sa cin jibin Ubangiji, sun ce na ruhu ya wadatar, a nan ni ban bi su ba kuma ba na ce ma kowa ya bi su. Abu ɗaya na ga ya kamata mu ara, jiran nan. Ku duba sujadarmu ta Lahadi mana, waƙa, sanarwa, baiko, koral ɗin matasa, zumuntar mata, wa'azi da Faransanci a juya da Hausa, awa uku cur muna ta gaya ma Allah abubuwa da gaya ma juna abubuwa game da Allah, amma minti biyar da za a ce kowa ya tsaya ko shi ma yana da abin da zai ce mana, babu.

Kafin komai, ku je wajen fasto

Wannan shi ne matakin da mutane suke son tsallakewa kuma shi ne yake kashe abin tun bai tashi ba. Mu tsiraru ne a Damagaram, kowa ya san kowa, in aka ji wasu mutum biyar suna taruwa a gidan wane ba waƙa ba wa'azi, kafin sati ya zagayo labari ya zama an buɗe sabon coci ko an shiga wata ƙungiyar asiri. Ku je ku same shi a gida, ba a bakin ƙofar coci yana sauri ba, ku ce Baba ga abin da muke so mu gwada, addu'a ce ta shiru, Littafi Mai Tsarki na tsakiya, ba ma karɓar baiko, ba ma taɓa lokacin sujadar Lahadi ko na addu'ar tsakiyar sati, kuma ƙofa a buɗe take in kuna so ku zo ku gani. In ya nemi ayoyi akwai su: Zabura 46:10 inda aka ce a yi shiru a san shi ne Allah, Matiyu 18:20 a kan mutum biyu ko uku da suka taru cikin sunansa, da labarin Iliya a 1 Sarakuna 19 wanda bai sami Ubangiji cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba sai cikin wata ƴar siririyar murya. In ya ce a dakata, ku dakata, ku riƙa yi ku kaɗai da iyalinku a ɗaka, wannan ba mai hana ku.

Maƙwabta ma a gaya musu da baki, a ce muna da ƴan baƙi ran kaza za mu yi addu'a. Wanda ya ga Janairun 2015 a garin nan lokacin da aka ƙona coci-coci ya san sujada a tsakar gida ba baƙon abu ba ne gare mu, ya kuma san amfanin maƙwabci ya san abin da kake ciki. Daɗin wannan irin ma ba ta damun kowa, ba lasifika, ko kuran ya tafi ba abin da ya tsaya.

Wuri da lokaci

Ku zauna a zagaye kuna fuskantar juna, kar a yi sahu-sahu kaman aji, don ba wanda yake gaba. A ɗakunan taron Kweka ba mumbari ba bagadi, benci ne suna kallon juna, wani lokaci da ɗan tebur a tsakiya da Littafi Mai Tsarki a kai, to ku ma haka ya isa. Tsofaffi a ba su kujera mai jingina, kar a ce dole kowa ya zauna ƙasa, ciwon gwiwa ba ibada ba ne.

Lokaci kuwa a nan garin sai an yi dabara. Tsakar rana a bazara ba zai yiwu ba, barci ne kawai zai kwashe ku. Dare bayan an ci tuwo shi ma haka. Abin da na ga ya fi shi ne ko da sassafe kafin gari ya tashi, ko bayan la'asar rana ta yi sanyi a gama kafin magariba don mata su koma kan girki. Kuma kar ku jira wai sai kun samu wurin da ba ƙara, babu shi, ko a Birni kuke ko Zango ko Sabon Gari za ku ji kabu-kabu na wucewa, akuya na kuka, mai ga-ruwa na buga bido, yaran maƙwabta na faɗa, ladan zai kira salla a tsakiyar zamanku. Ba komai. Ku ji, ku bar shi ya wuce. Shirun da ake nema na bakinku ne da na zuciyarku, ba na unguwa ba.

Su Kweka awa ɗaya suke yi. Ku kar ku fara da awa, za ku tsani abin. Minti 15 a farko, in an saba a kai 30, in jama'a da kansu suka fara cewa lokacin ya yi kaɗan sai a ƙara. Mutum ɗaya ne zai riƙe agogo, shi kaɗai, sauran kowa ya cire na hannunsa ya sa aljihu, kuma salula a kashe ta ɗungurungum ba a sa ta a girgiza ba, don ƙugin nan da take yi kan tabarma ya fi ƙararrawar ma ɗauke hankali. Mai agogon ba shugaba ba ne, yau wannan gobe wancan, mace ko namiji, babba ko yaro mai hankali.

Shiga cikin shirun

A al'adarsu sujada tana farawa ne daga lokacin da mutum na farko ya zauna ya yi shiru, wanda ya zo daga baya sai ya lallaɓa ya samu wuri. A nan sai an ɗan gyara, don Bahaushe ba zai shigo gidan mutane ya wuce tsohuwa ba gaisuwa ba, kuma bai kamata ba ma. To a ware lokacin gaisuwa a farko, a tambayi gida da yara da jiki a gama tsaf, a sha ruwa, sannan mai agogo ya ce to mu natsu. Wanda ya makara ya ɗan rusuna kawai ya zauna, a riga an yi yarjejeniya cewa wannan ba raini ba ne, gaisuwarsa tana jiransa a ƙarshe. Ga masu farawa yana taimakawa wani ya karanta aya ɗaya ko biyu a hankali, ba sharhi, ya rufe littafin.

Sai me? Nan ne kowa yake tambaya, to me zan riƙa yi a ciki. Zauna daidai yanda jini zai zaga, hannu a kan cinya, ido a rufe ko a ƙasa. Minti na farko-farko kanka zai cika da tarkace: kuɗin lakwal ɗin yara, bashin mai butik, pampo kwana nawa bai kawo ruwa ba, maganar da kishiyar yayarka ta faɗa a wajen suna, ko ka kulle moto. Kar ka yi kokawa da su kuma kar ka ce ka kasa. Kaman ruwan tabki ne da aka zuba a randa, in ka bar shi laka za ta kwanta da kanta, in kana sa hannu kana motsawa don ta yi saurin kwanciya sai ya ƙara dagulewa. Duk tunanin da ya zo ka dube shi, ka ce Ubangiji ga wannan ma, ka ajiye. In hankalinka ya yi nisa ka dawo da shi da ƴar gajeriyar kalma, sunan Yesu ko guntun ayar da aka karanta, ba wai ka yi ta maimaitawa kaman ƙidaya ba, ka dawo ne kawai sannan ka sake sakin ta.

Wani abin da suke yi wanda na ga yana da kyau ƙwarai shi ne kawo mutum gaban Allah ba tare da ka tsara ma Allah abin da zai yi masa ba. Mu mun saba addu'ar jeri, ka ba shi aiki, ka ba ta miji, ka warkar da wane kafin wata ya ƙare. A nan sai dai ka tuno fuskar mutumin, ka riƙe shi cikin hasken Almasihu, wannan hasken da Yohanna 1:9 ya ce yana haskaka kowane mutum, ka tsaya nan tare da shi. Sau da yawa a nan ne za ka ji abin ya juyo kanka, kai da ka zo yi ma ƙaninka addu'a ya shiryu sai ka tuna rabonka da ka taka gidansa tun bara. Ƴan Kweka na farko sun sha faɗin haka, cewa hasken nan kafin ya ta'azantar da kai sai ya fara nuna maka abin da ka ɓoye, don haka wanda ya zo neman hutun kai kawai, irin a huce gajiya, zai iya tashi da nauyin da bai zo da shi ba.

Akwai wata tsohuwa gwauruwa da muka taɓa zama a tsakar gidanta, ƙarƙashin dalbejiya, irin matan nan da in suka kama addu'a a zumunta sai an taɓa su suke cewa amin. Da aka ce a natsu sai ta leƙo ta ce ma yaron da ke riƙe da agogo, a hankali wai, amma kowa ya ji: "Ɗana, to wa zai buɗe mana?" Ya ce, "Inna, an riga an buɗe." Ta gyara ɗankwali ta yi ƙwafa ta zauna, leɓenta na motsi, carbin yatsunta na tafiya, kana gani ka san tana jero addu'o'inta ne a ciki, kuma ba wanda ya hana ta don ba laifi ba ne. Can wajen ƙarshe leɓen ya tsaya. Da aka tashi ana shan shayi ta ce, "Ni dai yau na gama nawa da wuri, sai na rasa abin faɗi, sai na zauna kawai." Yaron ya ce, "To Inna ai nan ne muke so a kai."

In magana ta zo maka

Ba haramun ba ne yin magana, sujadar shiru ba gasar kurame ba ce. Kowa na iya tashi ya faɗi abin da aka ba shi, kuma tun farko mata suna yi, ita Margaret Fel ma tana kurkuku a 1666 ta rubuta ƙasida tana kare haƙƙin mata su yi magana a taron masu bi. Amma akwai sharaɗi kuma sharaɗin ne gishirin abin. Kafin ka buɗe baki ka tambayi kanka, wannan daga Ubangiji ne ko dai wayona ne nake so a gani? In daga gare shi ne, nawa ne ni kaɗai ko na jama'ar nan ne? In na jama'a ne, yanzu ne ko wata rana? Mafi yawan abin da zai zo maka a tambaya ta biyu zai tsaya, naka ne, ka riƙe abinka. Wanda ya wuce duka ukun yawanci za ka ji shi a jiki, ƙirji na bugawa, kana so ka danne ya ƙi dannuwa.

In ka tashi ka faɗa a gajarce, jimla uku huɗu, ka zauna. Ba gabatarwa, ba ina gaida dattawa da shugabanni, ba haleluya uku kafin a fara. Mutum ɗaya sau ɗaya a zama guda. Kar ka zo da abin da ka shirya tun daga gida a kaye, wannan wa'azi ne, yana da wurinsa ran Lahadi. Kuma babbar doka, ba a amsa ma wani. In ƴar'uwa ta faɗi abin da kake ganin bai cika daidai ba kar ka miƙe ka gyara mata, kar ka ce in ƙara a kan abin da ta ce, a bar shiru mai tsawo ya shiga tsakani don maganar ta samu wurin zama. Wanda bai amfana da ita ba ya ƙyale, wataƙila ba shi aka aiko ma ba. Bulus ya faɗi kusan haka a 1 Korantiyawa 14, biyu ko uku su yi magana, sauran su auna.

Matsalar da za ku fara haɗuwa da ita na san ta: akwai ɗan'uwa ɗaya a kowane coci wanda shiru ke ci masa rai, da ya ga fili zai mayar da zaman mumbarinsa, minti ashirin yana zuba. Kar a kunyata shi a gaban mutane. Bayan an tashi mutum biyu da yake jin nauyinsu su ja shi gefe, su ce Yaya maganarka akwai abin ɗauka amma ka rage mana ita, ka bar ma wasu wuri. Su ma Kweka haka suke yi, suna da dattawan da aikinsu kenan.

Sai babban haɗarin, wanda ya fi surutu: mutum ya ce Allah ya gaya mini, alhali son ransa ne. Wannan ya taɓa faruwa da su da kansu mummunan faruwa. A 1656 wani babban mai wa'azinsu Jems Naila ya shiga garin Biristol a kan doki mabiyansa na shimfiɗa tufafi suna waƙa, kwaikwayon shigar Yesu Urushalima, majalisar ƙasar ta kama shi da laifin saɓo, aka yi masa bulala, aka huda harshensa da ƙarfe mai zafi, aka yi masa tambari a goshi. Abin ya girgiza su, daga nan suka ƙara ƙarfafa cewa duk abin da mutum ya ce an bishe shi a kai sai jama'a sun auna shi tare. To ku ma haka. Abin da ya saɓa ma Littafi Mai Tsarki ba daga Ruhu yake ba komai daɗin da ya yi a ƙirji. Saƙon da ya zo da sunan wani a ciki, wai an nuna mini wance ce ta yi ma wane asiri, ko an nuna mini ke ce matata, a tsayar da shi nan take, wannan kam ba sai an jira an tashi ba.

Rufewa da yara

In lokaci ya cika mai agogo ya miƙa ma na kusa da shi hannu su gaisa, kowa ya gaisa da na gefensa, shi kenan an rufe, haka suke yi. In wani bai saba ba mace hannu ba ya ce salama kawai. In kuna so ku rufe da addu'ar Ubangiji ko waƙa ɗaya don zuciyar tsofaffi ta kwanta ba wanda zai kama ku. Sai a ɗora shayi. Kar a raina wannan zaman na baya, a nan ne wanda ya riƙe abu a ciki yake samun faɗa, amma kar a bi mutane ɗaya-ɗaya ana me ka ji me kika gani kaman jarabawa, wata rana ba abin da za ka ji sai zafi da cizon sauro, kuma wannan ranar ma ka yi sujada.

Yara a bar su su zauna minti biyar na farko ko na ƙarshe, sauran lokacin wata babbar yarinya ta ja su waje. Jariri in ya yi kuka uwar ta ba shi nono a wurin, ba sai ta fita da gudu tana jin kunya ba.

Ran Litinin a kasuwa

Abin da ya sa na ɗauki mutanen nan da muhimmanci ba shirun ba ne shi kaɗai, abin da shirun ya riƙa haifarwa ne a waje. Sun ƙi rantsuwa ko a gaban alƙali saboda Matiyu 5:34 zuwa 37 da Yakubu 5:12, suka ce wanda ya rantse don a yarda da shi ya nuna kenan sauran maganarsa ba tabbas, an ɗaure da yawa a kan wannan kaɗai. Ƴan kasuwarsu suka riƙa sa kuɗi ɗaya a kan kaya ba tayi, da farko masu saye suka gudu, daga baya suka dawo don ko yaro ka aika ba za a cuce shi ba, kuma daga irin gidajen nan ne kamfanoni kaman Cadbury da bankunan Barclays da Lloyds suka fito. A 1660 suka rubuta ma sarkin Ingila cewa su ba sa ɗaukar makami don kowane dalili, kuma aikin agajin da suka yi ma waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita ne ya sa aka ba ƙungiyoyinsu biyu, ta Ingila da ta Amurka, kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1947. Wanda ya fi burge ni wani tela ne ɗan Amurka, Jon Wulman, da ya rasu a 1772. Yana saurayi maigidansa ya sa shi rubuta takardar sayar da wata baiwa, ya rubuta amma abin ya tsaya masa a rai, daga baya ya ƙi rubuta wasiyyar da za a gadar da bayi, ya yi ta bin ƴan'uwansa Kweka masu bayi gida-gida yana musu magana a hankali ba zagi, kuma da shagonsa ya fara bunƙasa fiye da buƙatarsa sai ya rage shi da gangan. Zuwa 1776 taronsu na birnin Filadelfiya a Amurka ya yanke cewa mai riƙe bawa ba ya cikinsu.

Ban ce gobe ka je Kasuwar Dole ka kafa allo ba tayi ba, ciniki a wajenmu har da zumunci a ciki, a taya ka ce albarka a yi dariya a daidaita. Amma akwai abin da za ka iya bari tun gobe: kayan da ka saro jikka biyu kar ka ce Allah ne shaidata jikka uku na saye. Tela ya daina cewa gobe in ya san sai jibi bayan jibi. Hanyar da Kweka suke bi su riƙe kansu a kan irin wannan ita ce tambayoyi, ba dokoki ba, ana karanta tambaya ɗaya a taro kowa ya amsa a ransa. Ku rubuta naku da kanku a kaye daidai da rayuwarku, a karanta ɗaya a farkon zama ko kai kaɗai da dare kafin ka kwanta. Misali: yau akwai inda na ƙara gishiri a magana don in fita kunya? Akwai wanda yake bi na gaisuwa na ƙi? Yarinyar da ke mana aiki a gida, ta ci irin abin da muka ci? Maƙwabcina Musulmi, na san abin da ke damunsa a kwanan nan ko sai dai sannu sannu a bakin ƙofa? Abin da na tura a WhatsApp yau, na tabbatar gaskiya ne kafin in tura? Tambaya ɗaya ta isa sati guda, kar ku jera goma.

In shawara ta taso

Irin zaman nan yana aiki har wajen yanke magana. Su a taron harkokinsu ba sa kaɗa ƙuri'a, ana farawa da shiru, kowa ya faɗi nasa sau ɗaya, magatakarda yana saurare, in ya ga inda hankalin jama'a ya karkata sai ya rubuta a wurin ya karanta musu, in an yarda haka ne a wuce, in ba a kai ga haɗa kai ba a ɗage zuwa wani zama ko da abin zai ɗau watanni. Yana da jinkiri, gaskiya, ba zan ba da shawarar a bi shi wajen sayen buhun siminti ba. Amma ga maganar da ke iya raba iyali ko kwamitin coci, rabon gado, ko wa za a tura karatu da ɗan kuɗin da ke akwai, wannan hanyar ta fi ta ɗaga hannu, inda mutum bakwai za su kayar da biyar a tashi da ƙulli.

Na mutum ɗaya kuma, in kana tsakanin abu biyu, aure ko tafiya ci-rani ko barin aiki, ka kira mutum uku ko huɗu da ka yarda da su ku zauna kaman awa biyu. Asali don masu shirin aure ƴan Kweka suka ƙirƙiro wannan, daga baya aka faɗaɗa shi. Kai za ka faɗi damuwarka, su kuma aikinsu tambaya kawai, ba shawara, ba ni da ni ne kai, ba labarin yanda ƙanin matarsu ya yi. Tambayar ma ta gaskiya, wadda mai yin ta bai san amsarta ba, irin me kake tsoro in ka zauna, ko wa zai ɗauki nauyin Inna in ka tafi, a bar shiru bayan kowace amsa. Abin da aka faɗa a wurin ya mutu a wurin. Wajen zaɓen mutanen kar ka ɗauko wanda yake da riba ko asara a cikin maganar, kar ka ɗauko wanda kake jin kunyar ce ma a'a, kawunka da ya riga ya zaɓa maka yarinya ba ya cikin wannan kwamiti, shi za ka je ka same shi daban da goronka bayan ka san inda ka tsaya.